Ku Tambayi Malam: Lissafin aji da lissafin kasuwa

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan watan saƙonnin da suka shigo kusan duk na ɗalibai ne, da gani kasan jarabawa ta ƙarato, wasu ma har da hoton takardar asaimen suka turo. Na zaɓi guda shida, waɗanda ban taɓo nasu ba su yi haƙuri su duba da kyau, dan da yawa tambayarku ɗaya ce, lambobin ne kawai suka bambanta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, dan Allah a taimaka min. Ina ND1 ɓangaren kasuwanci, an bamu aiki kan birek ibin, wato matakin ba riba ba asara. Wai wata mata ce ke yin kunun aya, kuɗin da take kashewa duk wata wanda baya canzawa N60,000 ne, tana saida gora ɗaya N300, kowace gora kuma tana cin N180 wajen haɗawa. Gora nawa zata saida kafin ta fita daga asara? Ni na raba 60,000 da 300 na samu 200, ƙawata tace ba haka bane amma ta kasa min bayani. Daga wata ɗaliba a Kaduna.

AMSA: 'Yata, ƙawarki ta yi gaskiya, amma kema baki yi nisa da hanya ba, abu ɗaya kika manta. Ajiye biro tukunna ki shiga shagon matar nan ki zauna kusa da firiza. Yaro ya zo ya miƙo N300 ya ɗauki gora. Wannan ɗari ukun duka nata ce? A'a. N180 daga ciki kuɗin aya ne da dabino da kwakwa da sukari da robar da aka zuba kunun, gobe da safe sai ta maida su kasuwa in ba haka ba babu kunun gobe. Abin da ya rage a hannunta N120 ne kacal, kuma shi ne kaɗai zai iya tafiya wajen biyan hayar shago da albashin yarinyar da ke taya ta da sauran abubuwan da ko ta saida ko bata saida ba sai ta biya, wato N60,000 ɗin nan.

Toh tambayar ta koma haka, N120 sau nawa zai cika N60,000? Ki raba 60,000 da 120, zaki samu 500. Gora 500 a wata, nan ne ba riba ba asara.

Ki gwada amsarki ta farko ki gani da idonki. In ta saida gora 200 cinikinta N60,000 ne, haka ne, amma ta riga ta kashe 200 sau 180 wato N36,000 wajen kayan haɗi, ga kuma N60,000 na haya da sauransu yana jiranta, jimla N96,000. Ta yi asarar N36,000 kenan alhali aljihunta cike yake da kuɗi tana ganin kasuwa ta yi kyau. Wallahi wannan kuskuren ba a takarda kaɗai yake ba, shi ne yake karya mata da yawa masu sana'a a cikin gida, a ga ciniki a ɗauka riba ce, a yi anko a yi gudummawar biki, wata uku sai a nemi jari a rasa.

Mahaifiyata Allah ya jiƙanta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi, bata taɓa zama a aji ba. Amma in yara suka dawo daga talla da yamma zata shimfiɗa gefen zaninta ta juye kuɗin, ta fara ware na gyaɗa ta ɗaure a tsumma ta jefa cikin kwalla, ta ware na niƙa da na itace, abin da ya saura shi take kira nata. Ko kuka kake a baka na alewa bata taɓa kwance tsumman nan ba, sai tace wannan ba kuɗina bane na gyaɗa ne. Abin da littafinku ya ɓata shafi huɗu yana bayani kenan.

Ki shirya dan lakcara zai iya juya tambayar a jarabawa. In yace tana son ribar N30,000 a wata, ki ɗora ta kan 60,000 ya zama 90,000 ki raba da 120, gora 750. In yace sukari ya tashi kuɗin haɗawa ya koma N200, abin da ke raguwa a kowace gora ya dawo N100, sai ta saida 600 kafin ta tsira. Kinga ƙarin N20 kacal ya ɗora mata gora ɗari.

TAMBAYA: Malam ni ɗan SS3 ne zan zana WAEC. An sayi kaya N8,000 an saida N10,000, ribar kashi nawa ce cikin ɗari? Na rubuta 20 aka bani kuros aka ce 25. Sannan akwai wata, kaya N21,500 har da VAT, a fitar da harajin. Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Ɗana, ribar dai N2,000 ce babu gardama, rigimar tana kan da me zaka auna ta. In ka auna da kuɗin saye, 2,000 cikin 8,000, kashi 25 ne. In ka auna da kuɗin saidawa, 2,000 cikin 10,000, kashi 20 ne. Duka biyun akwai su a kasuwanci kuma kowanne da sunansa, amma a lissafin sakandare in aka ce riba kashi nawa aka yi shiru, da kuɗin saye ake nufi, dan shi ne abin da ka zuba. Sai in an ambaci ciniki ko kuɗin saidawa ƙarara sannan zaka koma ɗayan.

Na VAT kuwa, wato harajin da ake ɗorawa kan farashin kaya, a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kafin nan 5 ne, ka kula dan tsofaffin littattafai har yanzu 5 suke ɗauke da shi. Kada ka ɗauki kashi 7.5 na 21,500, zai baka N1,612.50 kuma kuskure ne, saboda harajin an ɗora shi ne kan asalin farashi ba kan jimla ba. Ka raba 21,500 da 1.075, zaka samu 20,000, shi ne asalin kuɗin kayan, harajin N1,500. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram nasu kashi 19 ne, su da 1.19 zasu raba.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina aji ɗaya a jami'a, muna yin lissafin kuɗin ruwa. An ajiye N200,000 shekara 3 a kan kashi 10, a fitar da na sauƙi da kuma mai hauhawa. Fomular ta biyun ce bata zauna min ba. Amma gaskiya abin da yafi damuna shi ne zuciyata bata natsu da kwas ɗin ba, ina jin kamar riba nake koyo, har na fara tunanin canza fanni. Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ƙanena, bari mu fara da lissafin sannan mu zo kan zuciyar, dan ita ce babba.

Na sauƙin, uwar kuɗi ce kaɗai take haihuwa. Kashi 10 na 200,000 shi ne 20,000, duk shekara haka, shekara uku 60,000, jimla N260,000. Mai hauhawar kuwa 'ya'yan ma haihuwa suke, kamar a baka akuya kiwo ta haifi mace, baɗi uwa ta haihu 'ya ta haihu. Shekarar farko 200,000 ta zama 220,000. Ta biyu kashi 10 ɗin na 220,000 za a ɗauka, wato 22,000, ta zama 242,000. Ta uku 24,200, ta zama N266,200. Fomular da ta rikita ka ba komai take cewa ba illa ka ninka da 1.1 sau uku a jere, ƙaramar lambar nan da ke rataye a saman baka adadin shekarun ce. Ka yi shi da hannu shekara bayan shekara sau biyu ko uku, da kanka zaka rubuta fomular ba tare da ka leƙa littafi ba. Bambancin N6,200 ne a shekara uku, kamar ba yawa, amma ka ja shi shekara 20 ka gani, na sauƙi N600,000, mai hauhawa ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Akwai wata dabara ma ta ƙiyasi, ka raba 72 da kason, zai gaya maka kusan shekarun da kuɗin zasu ninka biyu, a kashi 12 shekara 6 kenan.

Yanzu zancen zuciya. Na ji daɗin wannan damuwar taka, alama ce ta tarbiyya, kuma ban so ka yar da ita. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, yana nan a Suratul Baƙara aya ta 275, babu mai taɓa wannan. Hausa ma ta ɗan haɗa mana abin, dan iri ɗaya muke rubuta ribar ɗan kasuwa ta halal da ribar bashi, shi yasa na fi son ince kuɗin ruwa a rarrabe. Hukuncin aiki a wuri kaza ko wuri kaza ka zauna da malaminka na addini ya warware maka. Ni abin da zan gaya maka a matsayina na wanda ya daɗe a wannan fannin shi ne, wannan lissafin ba na masu bada bashi da ruwa bane su kaɗai. Da shi ake auna yadda tsadar kaya ke cin ajiyar mutum, da shi ake ƙiyasta yawan jama'a nan da shekara goma, da shi zaka nuna wa ɗan uwanka cewa bashin manhajar waya da ake ce masa kashi kaɗan ne a wata, in aka tara shi a shekara wuƙa ce a wuya. Wanda bai iya shi ba shi ake yanka.

Sannan ka duba, bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na Naira biliyan 100 a 2017 aka yi tituna da shi. Su waye zasu zauna a waɗannan kujerun su tsara murabaha (banki ya sayi kaya ya saida maka da ribar da aka amince) da ijara (bada haya), su fitar da farashin da ba zai cuci mai saye ba kuma ba zai karya banki ba? Mutanen da suka iya lissafin nan ne kuma suke da irin zuciyarka. In duk masu tsoron Allah suka gudu daga fannin, wa aka bar wa? Ina roƙonka kada ka canza.

TAMBAYA: Malam ilastisiti ya hana ni barci. Farashi ya tashi daga N500 zuwa N600, abin da ake saye ya sauka daga 1,000 zuwa 950. Na samu amsa da alamar ɗebewa a gaba, na ɗauka na yi kuskure na goge. Kuma ko na samu lambar ban san me take nufi ba. Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: 'Yata da baki goge ba, daidai kika yi. Farashi ya hau saye ya sauka, ɗaya sama ɗaya ƙasa, dole alamar ɗebewa ta fito, yawancin malamai ma cewa suke a yi watsi da ita a duba girman lambar kawai. Farashi ya ƙaru da 100 cikin 500, kashi 20. Saye ya ragu da 50 cikin 1,000, kashi 5. Ki raba 5 da 20, ya baki 0.25. In malaminku mai son a yi da tsaka-tsaki ne, wato a raba da 550 da 975, zaki samu wajen 0.28, ki duba wacce hanya ya koyar a aji ki bi ta.

Ma'anar ita ce, in an ƙara wa kaya kuɗi mutane guduwa suke ko haƙuri suke su saya? Lamba ƙasa da 1 haƙuri suke. Sama da 1 guduwa suke. Gishiri ko an ninka kuɗinsa sai an sa a miya, maganin hawan jini ma haka, amma a ƙara wa wani lemon kwalba N100 alhali na kusa da shi bai tashi ba ki ga yadda za a juya masa baya, saboda akwai madadi. A tambayarki mai kayan ya ci riba da ƙarin, da cinikinsa N500,000 yanzu 600 sau 950, N570,000, kuma sau da yawa wannan ce tambaya ta gaba.

Kin ga misalin da idonki ai. Ranar 29 ga Mayun 2023 da shugaba Tinubu yace tallafin mai ya tafi, cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da N200 ta koma wajen N500. Mai adaidaita sahu bai daina shan mai ba dan in ya daina gidansa ba a ɗora tukunya. Amma da tafiya ta yi tafiya sai aka fara ajiye motoci ana hawa babur, masu shago suna komawa sola, wasu suna maida motocinsu masu amfani da gas. In aka tambaye ki abubuwan da ke canza ilastisiti ki tuna da wannan, lokaci yana ciki, dan mutum yana buƙatar lokaci kafin ya samo mafita.

Wani abu da ake yawan faɗuwa a kansa, kada ki haɗa wannan da tashin kuɗin rago gab da babbar sallah. Can ba farashi ne ya taɓa masu saye ba, masu saye ne suka ƙaru suka tura farashi sama, a zanen da kuke yi a aji layin buƙata ne gaba ɗayansa ya matsa dama.

TAMBAYA: Malam ni ba ɗalibi bane, uba ne, yarona ya kawo min aikin gida na kasa. Wai albashi ya ƙaru da kashi 10, hauhawar farashi kashi 25, ma'aikacin ya ci gaba ko ya ci baya? Ni kuma nawa tambayar, kullum rediyo na cewa hauhawar farashi ta sauka amma ni a kasuwa ban ga abin da ya dawo kuɗinsa na da ba. Daga wani magidanci a Kano.

AMSA: Alhaji Allah ya saka da alheri da kake zama da yaro kan littafinsa, ba kowane uba ke yi ba. Ka ce masa ya ɗauka albashin N100 ne, kayan da yake saye ma N100. Yanzu albashi 110, kaya 125. Ya raba 110 da 125, 0.88. Wato abin da kuɗinsa ke iya saye ya ragu da kashi 12, ya ci baya duk da takardar albashinsa ta yi nauyi. Wasu ɗebewa kawai suke, 25 a cire 10 su ce 15, wannan ƙiyasi ne, yana wucewa in lambobin ƙanana ne amma a manya irin namu yana kaucewa.

Taka tambayar kuwa rabin garin nan ita suke yi. Saukar hauhawa ba saukar farashi bace. Mota ce tana gudu 120 direba ya rage zuwa 80, har yanzu gaba take yi bata juyo ba. Kwanon abinci N1,000 ya tashi da kashi 30 ya zama N1,300, baɗi aka ce hauhawa ta sauka zuwa 20, toh ya zama N1,560. Rediyo bata yi ƙarya ba kaima idonka bai yi ƙarya ba. Wani kayan yana iya sauka shi kaɗai kamar hatsi da kaka, amma lambar da ake faɗa ta kwandon kaya ce gaba ɗaya, abinci da haya da sufuri da magani da sauransu.

Akwai kuma wani abu da ya faru da ya kamata yaron ya sani dan ana iya tambaya. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ta ce hauhawar Disambar 2024 kashi 34.8 ce, ta Janairun 2025 sai ga 24.48. Ba a wata ɗaya kasuwa ta yi sanyi haka ba, ma'aunin aka sabunta, aka daina gwadawa da shekarar 2009 aka koma 2024, aka kuma sake nauyin kayan da ke cikin kwandon dan abin da mutane ke kashe wa kuɗi yau ba shi ne na shekara 15 baya ba.

TAMBAYA: Malam ga hoton tambayoyi 15, ran Litinin za mu miƙa, dan girman Allah a min su duka, maki 20 ne kuma wancan zangon na faɗi kwas ɗin. Daga wani ɗalibi a Bauci.

AMSA: Ɗana na karanta saƙonka sau biyu kuma na ji tsoron da ke cikinsa, maimaita kwas ba daɗi, ga kuɗin makaranta ga idon iyaye. Amma ba zan yi maka duka ba, kuma ba rowa bace. In na baka maki 20 ɗin nan, sauran makin suna ɗakin jarabawa inda babu ni babu waya, kuma irin waɗannan tambayoyin ne zasu fito da wasu lambobin.

Na duba takardar taka, goma sha biyar ɗin nan iri huɗu ne kawai aka yi ta sauya musu riga. Ta 1 zuwa ta 4 irin ta mai kunun aya ce da ke sama. Ta 5 zuwa ta 8 kuɗin ruwa ne. Ta 9 zuwa ta 11 ilastisiti. Saura huɗun na faɗuwar darajar kaya ne, bari in yi maka ta 12 ka ga hanya. An sayi adaidaita sahu N3,000,000, za a yi aiki da shi shekara 5, a ƙarshe a saida shi N500,000. Abin da zai narke a tsakani N2,500,000 ne, ka raba shi gida biyar, N500,000 duk shekara. Bayan shekara biyu darajarsa a littafi N2,000,000. Duk mai bada babur haya da ya san abin da yake yi yana ware wannan kuɗin gefe daga balas ɗin da ake kawo masa, in ba haka ba ranar da injin ya kwanta babu na sayen wani. Ta 14 ka kula, ita cewa ta yi a cire kashi 20 na abin da ya rage duk shekara, dan haka shekarar farko kashi 20 na 3,000,000 wato 600,000, ta biyu kashi 20 na 2,400,000 wato 480,000, haka zai yi ta raguwa.

Ka zauna daren Juma'a da Asabar ka yi su da hannunka, ko wanne ka rubuta abin da aka baka da abin da ake nema kafin ka taɓa kalkuleta. Ka ɗauki hoton aikin ko da rabi ne ko da duk kuskure ne ka turo min kafin azahar ɗin Lahadi, zan bi shi layi layi in nuna maka inda ƙafarka ta zame.